Sa hannu a bangon littafin zane: tawada ake saye ko shaida?

A kasuwar masu tara littattafan zane, irin na su Superman da Spider-Man da yaranmu ke kira kwamik, akwai wani al'amari da ke ɗaure wa sabon shiga kai. A ɗauki kwafi biyu na littafi ɗaya, bugu ɗaya, lafiyarsu ɗaya. Mai zanen ya sa musu hannu a zama ɗaya, da maka ɗaya, wato alƙalamin nan mai kaurin baki. A tura su kamfanin da ke tantance daraja. Na farko ya dawo da tambari ruwan ɗorawa, kuɗinsa ya ɗaga. Na biyu ya dawo da tambari kore, an rubuta a jikinsa cewa akwai suna a bango, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na kwafin da alƙalami bai taɓa hawa ba. Abin da ya raba su bai wuce wannan ba: wakilin kamfanin yana tsaye sa'ad da aka sa wa na farko hannu, na biyu kuwa babu wanda ya gani sai mai shi.

Maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Finafinan Marvel sun shiga gidajen Kano, musamman bayan Black Panther na 2018, kuma daga fim wasu samari suka gangaro kan littattafan. Akwai mai sayowa ta eBay, kasuwar nan ta intanet, akwai wanda ɗan'uwa ke riƙo masa daga Landan ko Amurka, akwai mai tsintar tsofaffi cikin tarin littattafan gwanjo a Sabon Gari. Duk wanda ya ɗan daɗe a harkar, wata rana sai an turo masa hoto ta WhatsApp: ga littafi, ga wani karce na baƙar tawada a bango, ga farashi da dala. Kafin mutum ya nufi Wapa neman canji, ya kamata ya san me yake saye.

Tun shekarar 2000 da aka buɗe kamfanin CGC, wanda hedikwatarsa ke Sarasota a jihar Florida, cinikin waɗannan littattafai ya canza salo. Da can mai sayarwa ne zai ce littafinsa kamar sabo yake, mai saye ya ce ai ya ji jiki, a yi ta ja-in-ja. CGC ya shigo a matsayin alƙalin da ba shi da kaso a cinikin. Ana tura masa littafi, ma'aikatansa su duba bango, su ƙirga shafuka, su nemi alamar gyara, sannan su ba da maki daga 0.5 zuwa 10.0, su rufe shi cikin kwanson roba mai tauri da ba ya buɗuwa sai an fasa. A saman kwanson akwai tambari ɗauke da sunan littafi, lambar fitowa, shekara, maki da manyan lambobi, da lambar rajista.

Ma'aunin ya fi tsanani can sama. Daga 9.0 zuwa 9.8 hawa ne na ɗigo biyu-biyu, kuma abin da ke raba 9.6 da 9.8 wani lokaci bai fi ɗan farin tsagi a gadon bayan littafi ba, ko kusurwar da ta ɗan dakushe, irin abin da ni da kai sai mun karkata littafin ga haske kafin mu gani. A kasuwa kuwa wannan 'yar tazarar na iya ninka kuɗi. Kuma kuɗin da ke yawo a ƙololuwar kasuwar ba na wasa ba ne. Action Comics fitowa ta 1, inda Superman ya fara bayyana a 1938, santi 10 aka sayar da ita a lokacin. A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da wani kwafinta mai maki 8.5 a kan dala miliyan 6. Amazing Fantasy fitowa ta 15, ta 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, wani kwafi mai maki 9.6 ya kai dala miliyan 3.6 a 2021. A lura, ko ɗaya cikin biyun babu sa hannun kowa a bangonsa.

To a idon wannan ma'auni, mene ne sa hannu? Rubutu ne a bango, shi ke nan. Aikin mai tantancewa shi ne ya auna nisan da littafi ya yi daga yadda ya fito maɗaba'a, kuma maɗaba'a ba ta fitar da shi da tawadar maka a fuskar jarumi ba. Ko Stan Lee, shahararren marubucin Marvel, ne ya rubuta sunansa, ko ƙaninka ɗan aji uku ne ya gwada sabon biro, takarda ba ta san bambanci ba. Abin da masoyi ke kallo a matsayin ado, mai auna lafiyar takarda tabo yake gani.

Da launuka kamfanin ya raba wannan gardama. Shuɗin tambari shi ne na gama-gari, littafi kamar yadda yake, an ƙirga duk aibinsa a cikin maki. Shunayya na wanda aka yi wa gyara ne, aka cike launin da ya goge ko aka liƙe yagewa da gam, kuma masu tara sun ƙi jininsa har suna kiransa tambarin mutuwa. Kore shi ne mai wuyar sha'ani. Ma'anarsa, littafin yana da wani babban aibi guda ɗaya, an ɗauke kai daga gare shi an ba da maki kamar babu shi, amma an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Sanannen misali shi ne Incredible Hulk fitowa ta 181, ta 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar bayyana. A cikinta akwai wani ɗan kan sarki na talla da Marvel ta buga don yara su yanke su tara, kuma da yawa sun yanke. Irin wannan kwafin bangonsa na iya zama tas, amma tambarinsa kore. Shekara da shekaru, a wannan aji aka riƙa jefa littafin da aka sa wa hannu a bango babu shaida: sa hannun babban mai zane da almakashin yaro, hukunci ɗaya. Idan mai littafin ya nace sai shuɗi, to a rage masa maki gwargwadon ɓarnar tawadar.

Kafin 2024, a CGC ruwan ɗorawa shi kaɗai ne ke wanke tawada daga zama laifi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba a sassauta shi: ma'aikacin CGC ko wani shaida da kamfanin ya amince da shi ya ga lokacin da aka sa hannun da idonsa. Daga nan littafin ba ya komawa hannun mai shi. Shaidan ne zai karɓa, ya cike takarda, littafin ya wuce wurin tantancewa. Idan ka ɗauke shi ka zaga bayan rumfa na minti biyar ka dawo, igiyar ta tsinke. Idan bayan shekaru ka fasa kwanson don ka karanta, nan ma ta tsinke, littafin ya koma sahun waɗanda ba su da shaida. A kan tambarin za a rubuta wanda ya sa hannu da ranar da ya sa, a ba da maki kamar tawadar ba ta nan.

Duk wanda ya taɓa sayen fili a Kano ya san wannan lissafin. Takardar cinikin da aka rubuta a gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu ido na ganin ido, daban take da wadda wani ya zaro daga aljihu bayan shekara goma yana rantsuwa cewa hannun marigayi ne. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Amma mai saye ba gaskiyar mutumin yake aunawa ba, abin da ke ransa shi ne ko zai iya sayar wa na gaba ba tare da rigima ba. Mai sayen littafi mai ruwan ɗorawa ma haka. Bai san mai sayarwa ba, wataƙila ma ba nahiya ɗaya suke ba, kuma ba gwani ba ne wajen gane rubutun hannu. Ƙarin kuɗin da yake biya na kwanciyar hankali ne, tawadar kanta ba ta kai kuɗin shan rake ba.

Yadda ake shirya littafi kafin a kai shi teburin mai zane ya isa ya nuna yadda harkar ta koma sana'a. Ana sa shi cikin leda da kwali a bayansa, sai a yanke wata taga a ledar daidai inda ake son sa hannun ya zauna, a zagaye bakin tagar da tef mai launi, a rubuta a jikin tef ɗin sunan wanda zai sa hannu da irin makar da ake so, baƙa ko ruwan azurfa ko ruwan zinari. Dalili shi ne mai zanen yana zaune tun safe, layi ya miƙe, yana sa hannu a ɗaruruwan littattafai. Zai jawo naka da yatsu biyu, ya danna da tafin hannu, ya ture gefe. Wannan 'yar mu'amalar ta daƙiƙa goma ta isa ta sauko da 9.8 zuwa 9.4. Tambarin ruwan ɗorawa ya yafe tawada, bai yafe lanƙwasa ba, bai yafe zanen yatsa ba. Makar azurfa da ta zinari kuma ba sa bushewa da wuri. A yi gaggawar ɗora wani littafi a kai, sa hannun ya goge ya bar dabbare. Shi ya sa da yawa ke biyan kuɗin guga, wato a danne littafin da zafi da ɗan danshi don lanƙwasar da ba ta fasa launi ba ta miƙe kafin a ba da maki. Wanda ya fi kowa shiga caca shi ne mai littafin da tuni yake cikin kwanso da maki mai kyau, ya ce a fasa a sa masa hannu a sake tantancewa. Babu wanda ya yi masa alkawarin tsohon makinsa zai dawo.

Akwai wani canji da kwanson roba ya kawo wanda ba a cika magana a kai ba. A shekarun 1970 da 1980, al'adar masu zane ita ce su buɗe littafi su sa hannu da biro a ƙasan shafin farko, bango ya zauna lafiya. Irin wannan sa hannun na ciki, mai tantancewa yakan rubuta shi a tambari kawai, ba ya cin maki sosai. Amma da littafi ya zama abin rufewa a jingine a kanta, abin da ke ciki ya ɓace wa ido har abada. Sai sa hannu ya yi ƙaura ya dawo bango, biro ya ba wa maka mai kauri wuri. A ganina wannan asara ce. Mai zane ya ɓata kwanaki yana tsara bangon nan, sannan a miƙa masa maka a ce ya ja layi a kai don mai saye ya hango daga nesa. Akwai bangon da mutum biyar ko shida suka sa wa hannu, har jarumin sai an leƙa ake ganinsa.

Sai batun wa ya sa hannun, wanda nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Ana ɗauka girman suna shi ne girman farashi. Ba haka ba ne, ƙarancin abu ne ke sa shi tsada. Stan Lee, wanda ya rasu ranar 12 ga Nuwamban 2018 yana da shekara 95, shi ne sunan da kowa ya sani, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi yawan sa hannu a wannan kasuwa. Ya shafe shekaru yana zaga tarurrukan masoya yana sa hannu a biya shi, a littafin da ya rubuta da wanda bai rubuta ba, har kusan ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ganinsa ya raunana kuma rubutun ya canza kama. Rasuwarsa ta tsayar da ƙaruwar adadin, amma adadin da ya riga ya taru yana da yawan gaske. Sa hannunsa na ƙara wa littafi kuɗi, ba musu, sai dai ba ya mayar da littafin banza ya zama dukiya.

Kwatanta shi da abokan aikinsa biyu. Steve Ditko, wanda ya zana Spider-Man tun farko, ya bar Marvel a 1966, ya ƙaurace wa hira da 'yan jarida da tarurrukan masoya, kuma an san shi da ƙin sa hannu a littattafai, duk da cewa yakan amsa wasiƙun masoya da hannunsa. Shi ma a 2018 ya rasu. Jack Kirby kuwa, wanda shi da Stan Lee suka fito da Black Panther a Fantastic Four fitowa ta 52 a 1966, ya rasu a watan Fabrairun 1994, shekara shida kafin a buɗe CGC. Ke nan babu yadda za a yi a sami sa hannun Kirby da wakilin kamfanin ya gani da ido. Haka Jerry Siegel da Joe Shuster da suka ƙirƙiro Superman: Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Tsarin shaida, da duk amfaninsa, ya haifar da wani abin mamaki. Sa hannun da ya fi kowanne wuyar samu da nauyi a tarihi shi ne aka daɗe ana yi wa tambarin aibi, na wanda ke zaune a rumfa yau yana karɓar kuɗi kuwa shi ke samun tambarin girma.

Dangantakar mai sa hannu da littafin ma tana da tasiri. Todd McFarlane a kan Spawn fitowa ta 1 ko Amazing Spider-Man ta 300, Rob Liefeld a kan New Mutants ta 98 inda Deadpool ya fara fitowa, waɗannan sun dace, mai aiki ne a kan aikinsa. Sa hannun ɗan fim a kan littafin jarumin da ya fito a matsayinsa wata kasuwa ce daban, tana hawa da sauka da tashen fim. Akwai kuma ɗan ƙaramin zanen da mai zane kan ƙara kusa da sunansa, wanda yakan fi sa hannu zalla daraja don babu biyunsa.

Idan aka zo kan tsofaffin littattafai masu wuyar samu, ra'ayi ya rabu, kuma ni ina tare da masu cewa a bar su yadda suke. Littafin da aka buga bara, kwafinsa masu maki 9.8 sun cika kasuwa, sa hannu ne kawai zai bambanta naka da na maƙwabcinka, don haka babu laifi. Amma littafin 1962 da ya tsallake shekara sittin bai haɗu da ruwa ko gara ko hannun yara ba, tsabtar nan ita ce dukiyarsa, kuma ba a dawo da ita. Manyan masu saye da yawa sun fi son shuɗin tambari a irin wannan. Mai sa masa hannu ya ƙara masu so ta wani gefe, ya kore wasu ta ɗaya gefen, kuma waɗanda ya kora su ne masu zurfin aljihu.

Abin da zai ƙara tabbatar da cewa labari ake saye ba tawada ba shi ne wasu tarin littattafai da kamfanonin tantancewa suka ba wa matsayi na musamman saboda an san asalinsu. Akwai tarin Larson daga jihar Nebraska, wanda yawancin littattafansa na ɗauke da sunan yaron da ya tara su a bango, mai kanti ne ke rubutawa don ajiye masa. Akwai tarin Okajima, na wata yarinya 'yar asalin Japan da aka tsare da danginta a sansani a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana rubuta sunansu a bangon littattafan da ta saya a can. Ba mai zane ba ce, ba sananniya ba ce, amma kwafin da ke ɗauke da rubutunta yakan fi irinsa maras rubutu tsada. Rubutun da ka'ida ta ce tabo ne, tarihi ya mayar da shi hujja.

Yanzu ga tarkon da ya fi kusa da mu, wato satifiket. Hirar takan tafi kamar haka:

"Yaya, wannan fa hannun Stan Lee ne, ga ma satifiket ɗinsa da hatimi."

"To ƙanena, wa ya ba da satifiket ɗin? Kuma me ya ɗaure shi da wannan kwafin, ba wani ba?"

Galibi a nan maganar ke tsayawa. A farkon shekarun 1990 an yi wani tashen saye don a ajiye a sayar. X-Men fitowa ta 1 ta 1991, wadda Jim Lee ya zana, ta sayar da sama da kwafi miliyan 8, aka kuma cika kasuwa da littattafai masu sa hannu haɗe da takardar shaida mai ƙyalli. Tashen ya fashe, har Marvel ta shiga kotun fatara a Disambar 1996. Yawancin irin kayan da ke gangarowa cikin gwanjo daga wannan zamanin suke. Wasu satifiket ɗin na kamfanoni ne masu mutunci, sa hannun ma na gaske ne. Duk da haka CGC ba ya ba da ruwan ɗorawa na shaida a kan takarda, ko hoto, ko bidiyo, domin takarda daban littafi daban, kuma duk mai firinta mai kyau na iya buga irinta. Littafin da aka buga miliyan 8 kuma, ko da hannun gaske ne a kai, ba shi ne zai gina maka gida a Nasarawa ba.

Wannan tsaurin ya bar giɓi, kasuwa kuma ba ta barin giɓi. A 2014 Steve Borock, wanda ya taɓa zama jigo a CGC, ya buɗe kamfanin CBCS, kuma ɗaya daga abubuwan da ya jawo mutane da shi shi ne tantance sa hannun da ba a shaida ba: ƙwararru su kwatanta shi da samfuran da aka tabbatar, idan ya yi daidai a ba shi tambarinsa na daban, wanda da farko ja ne. Kamfanin Beckett ya saye CBCS a 2017. CGC ya daɗe yana riƙe da matsayinsa, sai a 2024 uwar kamfanin ta sayi JSA, wani kamfani da ya yi suna wajen tantance sa hannun 'yan wasa da mashahurai, aka fito da sabon tambari mai ruwan ɗorawa da baƙi don sa hannun da ƙwararru suka gaskata ba tare da an gani ba. Da wannan, mai riƙe da sa hannun Kirby ya sami mafita daga koren tambari.

Amma kasuwa ba ta ɗauke su ɗaya ba, kuma tana da hujja. Gani ya kori ji. Shaida cewa yake na gani, ƙwararre kuwa cewa yake a ra'ayina ya yi kama. Ra'ayin ƙwararre na da nauyi, sai dai hannun mutum na canzawa da shekaru da gajiya da rashin lafiya, masu jabu kuma kullum suna ƙara gogewa, balle sa hannu mai sauƙin kwaikwayo irin na Stan Lee. Saboda haka matakan suka zama uku: wanda aka shaida a sama, wanda aka gaskata a tsakiya, wanda babu kowa a bayansa a ƙasa. Shi kansa kwanson ba a ce ba ya tsaguwa ba. A ƙarshen 2023 aka bankaɗo cewa wasu na buɗe kwanso suna musanya littafi mai kyau da wanda bai kai shi ba, har CGC ya fitar da jerin lambobin rajistar da abin ya shafa. Duba lambar rajista a shafin kamfanin, a kwatanta da littafin da ke gabanka, bai taɓa zama ɓata lokaci ba.

Kada kuma a manta wa ke cin riba. Mai zane na karɓar kuɗin sa hannu, kuma da yawa na ƙara kuɗi idan sun san tantancewa za a kai, tunda sun gane ciniki za a yi da sunansu. Ban ga laifinsu ba. Dillalin da ke tattara littattafan mutane ya kai taro na da ladansa. Mai guga na da nasa. Kamfanin na karɓar kuɗin tantancewa, wanda ke ƙaruwa idan littafin mai tsada ne, kuma shi ne ke shirya zaman sa hannu na musamman a hedikwatarsa inda ake aiko da littattafai ta gidan waya. Duk waɗannan an biya su tun kafin a san makin da zai fito. Mai littafi ne kaɗai ke jiran sakamako.

Ga mutumin Kano lissafin ya fi haka nauyi. Wuraren da shaidu ke zama su ne manyan tarurruka irin na San Diego da New York, ofisoshin kamfanin kuma suna can su Sarasota da Landan. Kowane mataki da dala ko fam ake biya, ga kuɗin aikawa zuwa da dawowa, ga inshora, ga abin da kwastan za su ce idan kunshin ya iso. Sai a haɗa duka a kwatanta da abin da irin littafin, da irin makin, da irin tambarin, ya sayu a zahiri. Ba farashin da wani ya rataya a eBay yana jiran tsautsayi ba, wanda aka biya aka ɗauka. Shafin CGC ma na nuna kwafi nawa aka tantance a kowane maki da kowane launi, kuma idan ka ga masu ruwan ɗorawa sun kai dubbai, ka san ba kai kaɗai ka yi wannan dabarar ba. A mafi yawan littattafan da ke hannunmu, kuɗin hanya ya fi ƙarin darajar da ake nema. Wanda yake son mai ruwan ɗorawa, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya sayi wanda tuni aka rufe.

In ya iso kuma sai a yi da yanayinmu. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗaki mai rufin kwano na gasa takarda ta yi ja, danshin Agusta na sa ƙarafunan ɗinkin littafi tsatsa, kuma kwanson roba ba ya hana rana cin launi. Tawadar maka da aka jingine kusa da taga za ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, alhali makin da ke kan tambari na nan yadda aka buga shi. Mai saye mai ido zai kalli littafin, ba lambar kaɗai ba.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na masu zanenmu na gida. Ana yin taron Lagos Comic Con tun 2012, kamfanin Comic Republic na fitar da jarumai 'yan Najeriya tun 2013, Roye Okupe ya gina labarin Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ɗauki ayyukansa, Nnedi Okorafor kuma ta rubuta wa Marvel labarin Shuri. Wanda ya tashi daga Kano ya je irin wannan taro a Legas ya sami sa hannu, ba wuri ba ne da zai sa ran ganin shaidan CGC. Hanyar da za ta rage masa wata rana ita ce ta ƙwararru masu kwatanta rubutu, su kuma ba sa aiki sai da samfuran da aka tabbatar. Na Stan Lee sun tara su jibgi. Na mai zane ɗan Legas ko ɗan Kano da ke tasowa, sai abin da mutanen da suka tsaya gabansa suka adana. Don haka wanda ya samu dama, ya roƙi a sa masa a shafin farko da biro mai kyau maimakon bango, a rubuta kwanan wata da sunan gari, a ɗauki hoton mai zanen riƙe da littafin a buɗe, a ajiye tikitin shiga taron a leda ɗaya da shi.